Shekarar da Aka Aske Mana Bincike

Duk shekara sai an turo mini ku, da sababbin takalma da jakar goyo, a ce in koya muku aikin fita fili. Kuma duk shekara sai wani a cikinku ya tambaye ni, idonsa a kan waya, wai aikin ba tambayoyi ba ne kawai a yi a dawo ofis a sha sanyi? To, ku gyara zama. Ni ne Garba, wanda mutanen unguwar Kpakungu a Minna suke kira Garba Almakashi, alhali ni ba tela ba ne, ba kuma wanzami ba. Aikina shi ne in je in karɓo wa malaman jami'a abin da suke bukata daga jikin mutane: yawu, awon jini, amsar tambaya, wani lokaci har gashin kai. Su malamai so suke su gane yadda ƙara da zafi da hayaƙi suke cin mutum, su hana shi barci, su hau masa da jini. Ni kuwa burina kullum in dawo gida ba a biyo ni da sanda ba.

Wanda ya koya mini aikin shi ne Baba Tanko, mutumin Paiko, tsohon ma'aikacin ɗakin gwaji. Gajere ne mai faɗa, kuma a bakinsa kowa "shi" ne, mace da namiji. Fitata ta farko da shi ƙauyen Garatu muka je karɓar yawun manoma. Akwai wani sinadari da jiki yake fitarwa idan mutum yana cikin damuwa, malamai suna ce masa kotisol. Yana fitowa a yawu, kuma yana taruwa a gashi. Sharaɗin shi ne a tofa da sassafe, kafin koko, kafin goro. Na raba ƙananan kwalabe, na karɓo, na jera su a kula mai ƙanƙara ina jin kaina wani babban likita. Baba Tanko ya ɗauki ɗaya ya ɗaga ta a rana, sai ga ta jawur kamar zoɓo.

"Garba," ya ce, "wannan yawu ne ko miya?"

Muka koma wurin mutanen. Kowa ya rantse bai ci goro ba, kuma ba ƙarya suka yi ba. Ba su tauna ba, ajiye shi kawai suka yi a kumatu yana jiran a gama. Tun daga ranar, kafin in miƙa wa mutum kwalba sai na ba shi labarin da zai sa shi dariya, in leƙa bakinsa. Shi ya sa kuke ganin surutu ya yi mini yawa. Kayan aiki ne, kamar kula da safar hannu.

A Paiko kuma tambaya ce ta kayar da ni. Na tsaya gaban wani dattijo na karanta masa yadda aka rubuta: "Baba, a watan nan ka shiga damuwa?" Ya ce, "Alhamdulillahi." Na ce to sau nawa? Ya ce, "Mun gode Allah." Na bi gida-gida har azahar, duk garin babu mai damuwa ko ɗaya, sai godiya. Baba Tanko ya bar ni na sha rana sosai, sannan ya zauna kusa da dattijon nan ya ce, "Jiya ka yi barci kuwa?" Sai ga magana kamar an buɗe famfo. Shanu sun shiga doya, yaro ba lafiya, kai yana sarawa tun shekaranjiya. Ba wanda zai ce maka yana cikin damuwa ya zama mai butulci ga Ubangijinsa. Amma barci da ciwon kai da rashin cin tuwo, waɗannan kowa zai ba ka labarinsu har ka gaji.

Na'urar auna ƙara ma tana da nata rikicin. Mun taɓa rataya ta a rumfar wata mai injin niƙa, muka ce ta ci gaba da aikinta kamar ba komai. Da muka dawo, sai muka tarar ta kashe injin tun safe, ta ja kujera gaban na'urar tana faɗa wa gwamnati matsalar wuta da kwata. Maƙwabta sun yi layi a bayanta suna jiran nasu lokacin. Wata ma har ta yi kwalliya.

Amma duk waɗannan wasa ne. Shekarar da nake so in ba ku labari ita ce ta Malama Rakiya.

Malama Rakiya tana neman digirin dakta ne a lokacin, kuma ta daɗe a kai. Ta yi jinyar mahaifiyarta, ta haihu, kayan gwaji sun lalace mata sau ɗaya. Hukumar karatu ta ƙara mata lokaci har ta gaji, ta ce wannan shekarar ce ta ƙarshe: in ba ta kawo sakamako ba, za a cire sunanta, duk shekarun su tafi a banza. Bincikenta a kan masu walda ne na wani layi a Kpakungu, inda suke aiki kuma suke kwana kusa da wani ƙaton janareto na haɗin gwiwa, wanda idan ya tashi sai ka ji haƙoranka suna rawa. Ita ba yawu take so ba, domin yawu labarin safiya ɗaya yake bayarwa. Gashi take so, saboda yana ajiye labarin watanni.

Ga yadda ake yi, ku saurara, don za ku yi da hannunku. Za ka je ƙeya, ka ware ɗan tsiro da bai fi kaurin fensir ba, ka ɗaure shi da zare, ka sa siririn almakashi ka yanke daf da fata. Sai ka kwantar da shi a takardar foyil mai ƙyalli, ka yi alama a ɓangaren da ya fito daga kai, domin nan ne sabon gashi, can ƙarshe kuma tsoho. In ka rikita kai da gindi, ka rikita watanni. Aiki ne na minti kaɗan. Matsalar ita ce, namiji a Minna ba ya barin gashi. Duk Juma'a ƙwal yake yi, ya shafa mai, ya ɗora hula. Me za ka ɗaure a kan ƙwarya?

Sai muka kira taro a rumfar Ciyaman, shugaban masu waldar layin, wani mai ƙaton ciki da son jawabi. Malama ta yi bayani tsaf. Sai wani tsoho mutumin Bida, Baba Ndagi, ya miƙe.

"'Yata, ba raini ba. A gidanmu ko gashin jariri aka aske, binne shi ake yi, ba a barin iska ma ta ɗauka. Yanzu ni da girmana in ɗauki gashin kaina in ba baƙo ya sa a ambulan? In na wayi gari ina bin ki kamar tunkiya fa?"

Aka kwashe da dariya, amma na ga da yawa sun ƙara danna hulunansu. Malama ba ta yi fushi ba. Ta yi ta zuwa layin nan, tana auna musu jini, wanda nasa ya hau ta tura shi asibiti. Na Baba Ndagi ya hau sosai, ta matsa masa har ya je, ya dawo yana cewa jirin da yake ɗibarsa ya tafi. Ta ɗauke shi da Ciyaman ta kai su jami'a suka ga ɗakin da ake ajiye kaya, suka duba ƙarƙashin tebur ba su ga ƙwarya ko jan ƙyalle ba. Ni kuma bakina ya ja mini: na ce don su san ba cuta, ni ma zan bar nawa tare da su. Aka tafa, aka yi fatiha. Muka ce musu, "Ku bar gashinku wata uku, kada reza ta taɓa shi." Iyakar abin da muka faɗa ke nan, kuma kowa ya tafi yana ganin an fahimci juna.

An fara ne azumi bai yi nisa ba, a tsakiyar zafin Minna, lokacin da kwalta take laushi. Ku yi tunanin mai walda, ga wuta a gaba, ga rana a sama, ga ƙishirwa, ga kuma wani daji a kansa yana ƙaiƙayi. Matansu suka yi ta tsiya. Wani daga cikinsu ma, surukinsa ya kira shi gefe ya tambaye shi ko ya fara shaye-shaye ne. Ƙaramar Sallah ta zo, duk gari ya yi aski, su kuwa suka je idi da huluna a ɗane a saman gashi kamar murfin tukunya ya yi kaɗan. Ba wanda ya karya alkawari. Wallahi na yi alfahari da su. Har gasa suka fara, ana auna na wa ya fi tsawo da sandar walda.

Muka sa ranar yanke gashin bayan hutun Babbar Sallah, don a lissafin ofis lokacin ne ya cika, kuma kowa zai dawo daga ƙauye. Muka iso da safe a keke napep, ni da Malama da Baba Tanko, da foyil da zare da ambulan. Tun daga bakin layi na ga an kafa rumfa, an jera benci, an kashe janareto don girmamawa. Ga faranti cike da soyayyen naman layya. Mutane sun zauna reras cikin sababbin kaya, kowa da hula. Ciyaman ya yi jawabi mai tsawo a kan ilimi da haƙuri, sannan ya ɗaga murya:

"Jama'a, a cire huluna a gaida Malama!"

Aka cire. Rana ta sauka a kan kawuna, har sai da na runtse ido. Ƙwal. Kowa ƙwal, an shafa mai, babu ko tsinke. A duk Kpakungu ni kaɗai ne mai gashi.

Abin da ya faru shi ne, su da wata suke lissafi, ba da kalandar ofis ba. Wata uku ya cika musu daidai da ranar layya. Ga shi kuma mai niyyar layya ba ya taɓa gashi tun kamawar watan sai ya yanka, yana yankawa kuwa sai wurin wanzami. Alkawari ya cika, sunna ta cika, me ya rage? Amma ba su manta da Malama ba. Kowa ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙullin leda.

"Ranki ya daɗe, mun sauƙaƙa miki aiki," in ji Ciyaman, yana washe baki. "Kin ce ɗan kaɗan kike so, mu kuwa muka ce Malama ta wuce kaɗan. Duka muka kawo. Na waɗanda ba su dawo ba kuma ga shi nan, na haɗa miki wuri ɗaya don kada ya ɓata."

Ya jawo wani buhun shinkafa, ya kwance baki. Gashin mutane ne a cakuɗe, baƙi da furfura.

Baba Ndagi ya matso a hankali, ya miƙa nasa da hannu biyu, a naɗe cikin farin ƙyalle. Ya ce, "'Yata, ban taɓa ba wani mahaluki gashina ba. Har na gemu na sa miki."

Malama ta nemi wurin zama ba ta samu ba, ta zauna a kan tsohuwar tayar mota. Ta fara dariya, ta yi ta yi har hawaye suka zubo, can sai dariyar ta tafi ta bar hawayen. Ni kaina ban san inda zan sa fuskata ba, don abin da ban dariya, kuma na san abin da buhun nan yake nufi gare ta. Baba Tanko ne ya yi musu bayani, cewa gashin da injin aski ya watsa ba a san kansa da gindinsa ba, ya haɗu da na wanda aka yi wa kafin kai, ya sha sabulu da man wanzami.

"Malama ba zai iya aiki da wannan ba," ya ce. "Makaranta zai kore shi."

Baba Ndagi ya dubi ƙyallensa ya ce, "Wato duk zafin azumin nan a banza muka sha?" Ba wanda ya taɓa naman nan ranar.

Washegari muka je wurin Farfesa, mai duba aikin Malama. Ya ji labarin buhu, ya kifa kai a tebur kafaɗunsa suna rawa. Da ya ɗago ya share ido, sai ya faɗi gaskiya. In gashi ya isa ɗakin gwaji kafin ƙarshen damina, za a iya gamawa da ƙyar. In ya wuce haka, shi ma ba abin da zai iya. Kuma mutanen da suka rage a binciken sun yi daidai da abin da ake bukata, in ko ɗaya ya fita, lissafin ba zai tsaya ba.

Muka koma Kpakungu da kunya, muka tarar sun riga mu. Ciyaman ya riga ya kafa doka. Ba mai taɓa kansa sai Malama ta zo da kanta ta yanka da hannunta. Duk wanda ya yi aski za a cire wayarsa daga janareton layi. An bi wanzamai da masu shagon aski na unguwar an gargaɗe su, in mai walda ya shigo a ba shi kujera da ruwa kawai. Ni kuma suka ce tunda tare aka fara, ba ni da izinin sauke nawa. Haka na ci gaba da tara gashi a kan na da. Matata ta saya mini matajin mata, ta ajiye a kan darduma. A shingen 'yan sanda na kan hanya kuwa sai an sauke ni an buɗe jakata, a tarar da almakashi da zare da foyil, in yi ta rantsuwa cewa ni ma'aikacin jami'a ne.

Damina ta yi ta tafiya. Malama tana can wani gari tana shirya ɗakin gwajin da zai karɓi kayan, kullum sai ta bugo mini: "Malam Garba, kawunan suna nan?" In ce suna nan, ranki ya daɗe, na ƙirga su da idona. Ban taɓa zaton zan zama makiyayin gashin ƙarti ba. In na ji an yi suna ko wani zai je neman aure, sai in garzaya in duba kansa.

Ranar yanka ta biyu ba a kafa rumfa ba, ba a yi jawabi ba. Benci ɗaya aka ajiye a inuwa, wanzami kuma ya zauna can gefe yana wasa reza, an ce masa kada ya motsa sai an kira shi. Da aka cire huluna, Malama ta dafe ƙirji ta ce, "Alhamdulillahi!" Daji ne ko'ina. Ni ina ware gashi ina ɗaurewa, ita tana yankawa, Baba Tanko yana naɗewa yana yin alama. Duk wanda aka gama da shi sai ya yi kabbara ya ruga wurin wanzami. Baba Ndagi ya sa aka nuna masa ɗan abin da aka yanka, ya ce, "Don wannan ɗan tsiron muka kusa kashe yarinyar mutane?"

Na ƙarshe shi ne Isiyaku, wani dogon saurayi mai shiru, wanda gashinsa yake fitowa tsibi-tsibi kamar ciyawar bakin kwata. Da nasa ne adadin zai cika. Ya zauna, na kama ƙeyarsa, sai na ji ƙamshin turare mai tsada, na ga kuma lalle a yatsarsa. Abokansa suna ta tuntsira dariya a baya.

"Isiyaku, lallen me na gani?" in ji Malama.

"Ai ango ne, ranki ya daɗe," in ji Ciyaman. "Juma'ar da ta wuce aka ɗaura. Haka ya je da kansa kamar an kora shi daga daji. Gwaggwannin amarya sun kusa mayar da goro. Ita kuma amarya ta leƙo ta gan shi, ta sa sakata, ta ce ba wannan ta aura ba. Tun ranar a shago yake kwana, kusa da janareto."

Malama ta saki baki. "Isiyaku! Don me ba ka faɗa ba? Ai da Malam Garba ya zo ya yanki naka tun kafin biki, 'yan kwanaki ba za su ɓata komai ba!"

Ya ɗan juyo, kansa yana hannuna. "Malama, wancan karon mun yi wayo da kanmu, kin ga abin da muka ja miki. Aka ce sai kin zo, shi ne na jira ki zo."

Malama ta sauke almakashin. Ta tsaya ta ja numfashi, ta goge ido da bakin mayafi, don ba a yanka daf da fata ido yana ruwa.

"Malama, don Allah a yi sauri," ya ce a hankali.

Ta yanka. Baba Tanko ya naɗe, ya yi alama, ya rufe ambulan ya ce, "Ya cika. Malama ya zama dakta." Layin ya kaure da ihu, wani ya buga guduma a kan durom. Isiyaku bai tsaya ba. Ya faɗa gaban wanzami, aka fara daga dama, ana kaiwa tsakiya sai ya ce ya isa haka, a bari amarya ta ga an fara. Ya haye babur da rabin kai ƙwal, rabi daji, kumfa tana zuba a wuyan riga, ya bar hularsa a kan benci.